Ka Juya Musu Kunnen Dama

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya tsaga kunne ya sa masa ji. Daga Garhanga zuwa Tawa, daga uwarka zuwa gare ka, Nomau. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina fatan kana kwana lafiya kana tashi lafiya, kuma ruwan can ya karɓe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin bariki, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Kawunka Malam Shaibu ne ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Na gargaɗe shi ya rubuta yadda maganar ta fito, kar ya shafa mata mai. In ka ga wani wuri ya cika daɗi, to nasa ne, ba nawa ba.

Labarin gida ba shi ya sa na zaunar da Malam ba. Gero ya shiga rumbu, awaki suna nan, shi ke nan. Abin da ya sa shi ne, tun ranar da motar likita ta ɗauke ka hankalina bai kwanta ba, sai da aka tabbatar mini kana can gidan likita kana wanke masa ƙarafa, ba a sa maka jar hula ba, ba a ba ka bindiga ba. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari. Da tsoro ya sake ni, sai na tarar akwai maganganu a cikina da ban taɓa yi maka su a tsanake ba. Shekara da shekaru duk abin da na gaya maka da ihu na gaya maka, har maƙwabta sun san abin da ke cikin tukunyarmu. Takarda ba ta ihu, shi ya sa na zaɓe ta.

Bari in fara daga auduga. Kana ƙarami, shekarar da babanka ya rasu, ƙyanda ta kama ka. Ta sake ka, amma ta bar maka kunnuwa suna zubar da ruwa mai wari. Tsohuwata ta koya mini abin da ake yi: a tsoma auduga cikin man shanu mai ɗumi da ɗan garin ganye, a toshe. Na toshe. In ruwa ya ƙi tsayawa sai in ƙara wata a kai, in tura ta da tsinke don kar ta faɗo wurin wasa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ina ta jiya ta tafi ba. Na ɗauka kunne shanye ta yake yi. Na haɗa da jan zakara da na kai bisa dutse, inda kakanka yake kai nasa tun kafin gidanmu ya kama salla. Malam ya ɗaga alƙalami a nan yana hararata, na ce masa ya rubuta, ai ya ci naman.

Ruwa ya tsaya, ni kuwa kai ya kumbura. Mata suka riƙa kawo mini 'ya'yansu, ina ta rabon auduga kamar wata gwana. A bazarar nan ne kuma sanƙarau ya shigo ƙasar nan, ya kwashe waɗanda ya kwashe, ya bar wasu ba sa ji, cikinsu har da abokinka Rabo. Da aka ga ana kiranka ba ka amsawa, sai kowa ya ce ai iskar sanƙarau ce ta shafe ka. Na yarda nan take, don maganar ta yi mini sauƙi. Ban ko tuna cewa wuyanka bai taɓa sanƙarewa ba.

To ka ji, Nomau. Kar ka bari komai ya sake shiga kunnenka, ko tsinke, ko gashin kaza, ko yatsan mai ƙaunarka. Na san ka da son ƙaiƙayi. In ya dame ka, ka je wurin wanda ke da fitilar ganin ciki. Na hagu kuwa, likita ya ce ruwa ne maƙiyinsa, don haka in za ka yi wanka ka karkata kai yadda ya nuna maka, kuma kar samarin Tawa su ja ka tafki ka ce za ka nuna musu kai ma namiji ne. Sannan in an ba ka dalilin wani abu, ka ga dalilin ya kwanta maka da wuri, ka ƙara dubawa. Ni a nan na faɗi.

Na biyu ya fi ci mini rai, don kullum nake yin sa. Bayan kunnenka ya yi nauyi, muryarka ta koma can ƙasa, kana magana kamar mai tsoron ta da jariri. Mutum sai ya sunkuyo kafin ya ji ka. Ni kuwa ka san ni, ban iya jira ba. Kafin ka haɗa kalma biyu na riga na amsa. Ka tuna wani tsoho mai saida igiya a kasuwar Keita? Ya dube ka ya ce, "Samari, ɗan wa na kai?" Kana kallon bakinsa, ka gane tambayar, har ka buɗe naka. Sai na faɗa tsakaninku.

"Kurma na, Baba. Da ni za ka magana."

Tsohon ya ce, "Ke, ai na ga bakinai ya motsa. Ki bar shi shi hwaɗi mana."

Na ce, "In mun tsaya jiran shi, kasuwa ta watse."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, na ji daɗin bakina. Kai ba ka yi ba. Ban san ranar da ka daina gwadawa ba, amma na san ta zo, don an kai lokacin da in an yi maka tambaya, ni kake kallo. Na ɗauka hidima nake yi maka. Har alfahari nake, ina cewa ni ce bakin Nomau. Da ba don kawunka ya zaunar da kai gaban allo ya koya maka baƙi da ido ba, da yau ko wannan takardar sai an nemo mai karanta maka ita, ya kuma amsa a madadinka.

Yanzu ba ni a Tawa, kuma alhamdu lillahi da haka. In an tambaye ka, ka amsa da kanka, ko da za a jira. In ba ka ji ba, ka ce a sake faɗa. Kar ka gyaɗa kai don kunya, wannan halin na gan shi a gare ka, kuma a bariki mutum kan gyaɗa kai ya wayi gari ya amince da abin da bai sani ba. In za ka zauna cikin mutane, ka zaɓi wurin da kunnenka na dama zai fuskance su. Ba rashin ladabi ba ne ka ce wa babba ya dawo ta wannan gefen. Kuma ka ɗaga murya kaɗan. Ban ce ka kai tawa ba, tawa ta yi yawa.

Na uku shi ne babba, kuma ka san rabinsa. Shekarar da aka zo ɗibar samari saboda yaƙin Nasara, an tara ku a ƙofar maigari. Ina bayan danga ina leƙe. Wani gardi, dogarin Nasara, ya zaga bayanka ya kira sunanka, ya sake kira, ba ka waiwaya ba. Ya ture ka gefe ya ce ba su da aiki da kurma. Ibro ɗan maƙwabciyarmu Hajo yana kusa da kai, shi ya waiwaya. Har yau Hajo ba ta san ƙasar da ya kwanta ba. Na dawo gida ranar ina taya ta kuka da ido, cikina kuwa fari fat. Haka aka yi da aka zo neman masu fasa dutsen hanya, aka sake tsallake ka.

Daga nan na daina roƙon Allah ya buɗe maka kunne. Gaskiya ke nan. Kurumtarka ta zama mini katanga, na shiga gadinta. Wani wanzami daga Buza ya taɓa kwana garin nan, ya ce a bar shi ya leƙa kunnenka, na ce masa ba ka nan, alhali kana bayan ɗaki kana gyaran kwashe, fartanyarka ta noma. Na fi son ka zauna kusa da ni ba ka jin komai, da ka ji a tafi da kai. Ban taɓa tambayarka wanne ka fi so ba.

Shi ya sa da aka yi shela cewa wani likita Nasara yana zagaya Adar yana duba waɗanda sanƙarau ya kurumta, don ya gane irin ɓarnar da ciwon ke yi a cikin kunne, ni ban ji duba ba, kamu na ji. Ana ta cewa yaƙi ya ƙare, an daina aikin dole, amma ni na sha jin an ce. Na so in tura ka daji wurin awaki, maigari ya riga ya faɗi sunanka. Sai na ja ka bayan rumbu na kama kafaɗunka, na nuna maka da hannu da baki: komai ya yi maka, kar ka motsa, kar ka nuna ka ji. Ka kalle ni ka gyaɗa kai.

Ina tsaye aka fara. Likita ya zaunar da ku a inuwa, madubi ɗaure a goshinsa, tafintansa na gefe. Yana da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, sai ya buga shi a gwiwarsa ya kai kusa da kunnen mutum, sannan ya ɗora gindinsa kan ƙashin da ke bayan kunne. Ya yi wa Rabo, Rabo na kallon gabansa kawai. Ya zo kanka. Da ya kai ƙarfen kusa da kunnenka ba ka motsa ba, na ce a raina madalla da ɗana. Da ya ɗora shi kan ƙashi, sai na ga idanunka sun buɗe, bakinka ya saki, hannunka ya tashi da kansa ya kama hannun Nasara ya danne ƙarfen don kar ya ɗauke. Ba ka ko dube ni ba.

Ni kuwa na yi tsalle na shiga fili. Na ce wa tafinta, "Ƙarya na! Bai ji komi ba, ƙaiƙayi na yas sa shi motsi!"

Tafintan ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Likita ya ce wanga kunne da rai. Ƙohwa ta a toshe, ɗaki lahiya lau."

Likitan ya sa ka faɗi sunanka da na garinku, ya sunkuyo yana saurare, ya ce wani abu. Tafinta ya juyo ya ce wai tun daga muryarka ya yi zato, don wanda sanƙarau ya kashe wa kunne ba ya jin kansa, muryarsa kan tashi ko ta karkace, kai kuwa kana jin taka da ƙarfi a cikin kai, shi ya sa kake sassauta ta. Abin da na shekara ina yi maka faɗa a kai, ashe shaida ce da ke gabana kullum.

Ya riƙa ɗiga maka mai na wasu kwanaki, sannan ya wanke na dama da ruwan ɗumi, na hagu kuwa ya ce ba zai sa masa ruwa ba, da siririn ƙarfe ya bi shi a hankali. Abin da ya fito cikin tasa ba sai na kwatanta maka ba, ka gani. Baƙi ƙirin, tauri kamar ƙwallon magarya. Ya farfasa shi, zare ya bayyana. Ya tambaya mene ne, na ce auduga ce, kuma na san gonar da aka noma ta. Matan da ke tsaye suka shiga kallon juna, don rabinsu sun karɓi irinta a hannuna. Ni kuma na sunkuyo kanka ina tambaya da iyakar ƙarfina ko ka ji sauƙi. Ka toshe kunne da tafin hannu, ka ce, "Inna, rage murya. Ina ji." Har Nasaran sai da ya yi dariya da aka fassara masa.

Ni dai ban yi dariya ba, don ina jiran a kira gardi. Na kama rigar tafinta na ce ya gaya mini gaskiya, yaushe za a zo ɗaukarka soja. Ya tambayi likita, ya dawo mini da amsa: fatar can ciki ta kunnenka na hagu a huje take tun zamanin ƙyanda, kuma mai irin wannan ba a ɗaukarsa. Nomau, na zauna a ƙasa. Ashe kunne ɗaya ya isa ya tsare ka, ni na bar maka biyu a rufe. Na yi kuka ranar, rabi na murna rabi na haushin kaina, amma murnar ta fi yawa.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, kar ka bar tsoron wani ya zaɓar maka rayuwa, ko da na uwarka ne. Ranar da ka kama hannun Nasara ka saɓa mini, kuma ban taɓa jin daɗin saɓawa irin wannan ba. Amma kar ka mayar da shi hali, ka ji.

Game da aikin da ka je yi kuma. An ce likita zai riƙa leƙa kunnenka na hagu wata bayan wata yana rubuta abin da ya gani, don ya san ko hujin na rufewa, kuma za ka bi shi ƙauyuka ka zauna gaban mutane a ɗora maka ƙarfe don su ga ba ya cizo. To ka faɗa masa gaskiya. In ya buga ƙarfe ba ka ji ba, ka ce ba ka ji ba, ko da ka ga yana so ka ji. Na san ka, in mutum ya yi maka alheri sai ka so ka faranta masa. Wannan ba wurin faranta rai ba ne. Abin da ya rubuta a kanka da shi zai duba kunnen ɗan wata, in ka ba shi ƙarya ita zai kai musu. Na so in sa ka yi masa ƙarya sau ɗaya, Allah bai ba ni sa'a ba, kar kai ka yi ta da kanka. In kuma ya ɗauko wani abu da ba ka gane ba zai sa maka, ka tambayi tafinta mene ne, me zai yi. Kunnenka ne, ba nasa ba.

Za ka tarar da irin Rabo da yawa, waɗanda ƙarfe ba zai ce musu komai ba. Kar ka tsaya gabansu kana washe baki da taka sa'ar. Ka fi likita da tafinta sanin yadda ake zama cikin wannan shirun, ka san yadda ake taɓa kafaɗa, da yadda ake tsayawa inda haske zai faɗa kan baki. Ka yi musu haka. Rabo yana zuwa nan da hantsi ya zauna inda kuka saba zama, ya nuna hanyar Tawa da haɓa, ni kuma in nuna masa kana lafiya. In ka sami mai zuwa, ka aiko masa da ko ɗan goro ne.

Za ka kuma tarar da irina, su ma da yawa. A Azarori ko a Madawa, wata za ta ɓoye ɗanta cikin rumbu, wata za ta zage ku tas. Kar ka raina ta, kar ka bar tafinta ya daka mata tsawa. Ba wauta ce ke damunta ba, ta ga an tafi da na wasu ne. Ka matsa kusa ka gaishe ta, ka gaya mata kai ɗan Garhanga ne, ka ba ta labarin audugar uwarka. Na yafe maka, ka faɗa ko'ina. Nan ma na bi gida gida na gaya wa waɗanda na ba su cewa su kai yaransu a duba in likita ya sake biyowa, wasu sun gode, wasu sun ce dama sun san ni da rawar kai.

Wanda zai miƙa maka takardar nan Aliyo ne mai raƙuma. Da ya dawo daga Tawa wancan zuwan na tare shi tun bai sauke kaya ba, na ce ya ga ɗana kuwa? Ya ce, "Wane? Wanga mai surutu na gidan likita? Ai ya cika muna kunne. Da marece in shina wankin ƙaruhha har waƙa shikai, masu jiran magani na amsa mai."

Na ce ba Nomau ba ne, ya yi kuskure. Ya rantse kai ne. Sai na ji bakina ya tambaye shi, yaya muryar take? Babba ce ko ƙarama? Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ke uwatai, ni kika tambaya?"

Na juya na bar shi da raƙumansa. Tsakanin buɗe kunnenka da tafiyarka ni na cika gidan da magana, ina shirya maka kaya ina ba ka umarni. Yau ga baƙi a Tawa sun san waƙar ɗana, ni ban san ta ba. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Amma na koma ɗaki na yi alwala na gode wa Allah, don abin da na fi tsoro shi ne a buɗe maka kunne bakin ya ƙi buɗewa.

Saboda haka kar ka gaggauta dawowa don ni. Ka zauna har likita ya gama da kai, in ya ce ka ƙara, ka ƙara. Amsar takardar nan ma kar ka tsawaita ta, layi biyu sun isa, don in ka rubuto da muryar Malam zan ji ta, ita kuwa na gaji da ita. Ka tara labarin duka ka kawo mini da bakinka. Zan shimfiɗa tabarma in zauna in yi shiru har ka gama. Malam yana dariya wai sai ya gani.

Allah ya kiyaye maka kunnen da ya buɗe, ya warkar da wanda ya saura. Allah ya tsare ka a mota da a ƙasa, a gari da a daji, ya sa albarka a hannun likitan da ke duba ka, ya maido ka Garhanga da ƙafafunka. Kawunka na gaishe ka, Hajo ma ta ce a gaishe ka. Ni uwarka na sa maka albarka. Ka zo mini da waƙar nan, ko da ba ta da daɗi.